Kilishe Ashirin da Huɗu a Garwa

"Buɗe wannan."

Jami'in da ya tare motarmu a wani shinge, bayan mun tsallaka iyakar Kamaru daga wajen Yola, ba kyamarar ce ta dame shi ba. Ita ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ji katako ne da fata, ya ajiye. Abin da ya tsaya masa a rai wasu baƙaƙen faranti ne guda shida da na jera a ƙasan jaka, kowanne naɗe a leda. Na ce, "Ranka ya daɗe, gidan fim ne. In aka buɗe haske ya taɓa shi, ya mutu." Ya dube ni, ya ce da Hausarsa mai ɗanɗanon Fulatanci, ai abin da ba a buɗewa shi ake nema a nan wurin. Kuma da gaskiyarsa. Fasinjoji sun fara tsaki, direba yana leƙo ni ta madubi. Sai na zaɓi ɗaya na yi sadaka da shi: na zare murfin kamar mai zare takobi daga kube, fallen fim ya bayyana, toka-toka, ba komai a kansa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, kuma ya tashi aiki."

Ya ɗan ji kunya, ina jin. Don ya wanke ta sai ya ce in nuna masa yadda akwatin yake aiki. Na danna wani ɗan ƙululu da ke ɓoye ƙarƙashin fatar, ƙofar gaba ta faɗo, na jawo idon kyamarar a kan dogonsa, zugazugin ya miƙe. Nan ya ƙwala wa abokan aikinsa kira su zo su gani. Da falle 25 na baro Kano. Kafin mu wuce Gashiga mu shiga Garwa, saura 24.

Sunan akwatin Speed Graphic. Kamfanin Graflex na birnin Rochester, a jihar New York ta Amurka, shi ya ƙera ta. Sun fara fitar da irinta a 1912, ba su daina ba sai 1973. Tawa samfurin Pacemaker ce, wanda ya fito daga 1947. Wani abokina ne ya tsinto mini ita a gwanjon kayan gida a can. Katako ce dangin maɗaci, an lulluɓe da baƙar fata, nauyinta ya doshi kilo uku ko da ba a ɗora mata komai ba. Fim ɗinta ba naɗi ba ne, falle-falle ne, kowane inci 4 da inci 5, wajen faɗin tafin hannun ƙato. Falle ɗaya ya ninka gurbin hoton ƙaramin fim ɗin nan da muka sani a situdiyo fiye da sau 13. Kowane gida falle biyu yake ci, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Abin da ke ba ni dariya shi ne sunan. Da Turanci ma'anarsa sauri. Don 'yan jarida aka yi ta, mutanen da ke tsere da gobara da ɗaukar gawa da fitowar shugaba daga mota. Da irinta Joe Rosenthal ya ɗauki sojojin Amurka suna kafa tuta a tsibirin Iwo Jima ranar 23 ga Fabrairu, 1945. Da irinta Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee, ya yi ta yawon dare a New York da rediyon 'yan sanda a motarsa, yana riga kowa isa wurin da aka yi ta'asa. Su a hannu suke riƙe ta, su harba, su juya gida, su sake harbawa. Ni kuwa a hannuna babu abin da ya kai ta nawa. Hoto ɗaya sai ya ci mini kwata na awa.

A Hausare na sauka, unguwar Hausawa, gidan wani abokin fataucin mahaifina. Alhaji ya haura saba'in, Hausarsa tsab, ta mutanen da. 'Ya'yansa kuwa da shi suke Hausa, a tsakaninsu Fulatanci, jikoki in sun dawo daga makaranta Faransanci. Ni da ban wuce "jam" ba, na koma ɗan kallo a tsakar gida. Daren farko aka kawo mini gasasshen giwan ruwa na Binuwai da zoɓo, wanda a nan suke kira folere. Alhaji ya kalli kayana ya yi gargaɗi ɗaya: "Ɗana, ka ɗauki duk abin da kake so, amma kada ka juya wannan abin wajen gada ko ginin gwamnati. Ba na son zuwa belinka." Na riƙe.

Da asuba na sauka bakin kogi, gada a bayana. Watan Fabrairu ne, hazo ya kwanta a kan ruwa, rana ta fito kamar farantin tangaran, kana iya kallonta ido da ido. Ruwa ya ja baya sosai, ya bar tudun yashi a tsakiya. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982, can sama da Garwa, ita ke riƙe da wuyan kogin nan, kuma mu a Najeriya ba ma jin sunanta sai in an ce za a saki ruwa. Masu wanki suna ta bugun kaya, masu ɗibar yashi suna cika kwale-kwale har bakinsa ya kusa shan ruwa. Can nesa wani ya nuna mini wasu baƙaƙen duwatsu biyu, ya ce dorina ce. Ban yarda ba sai da dutsen ya yi hamma.

Ga yadda aikin yake. Ka kafa ƙafa uku, ka ɗaure akwatin a kai. Ka buɗe idon gaba ɗaya, ka lulluɓa da baƙin mayafi kai da bayan kyamarar, ka duba dusasshen gilashin da ke baya. A nan duniya take bayyana, amma a kife: sama a ƙasa, dama a hagu. Ka yi ta murza maɓalli, zugazugi yana gaba yana baya, har abin da kake so ya fito tar, ka tabbatar da ɗan madubin ƙara girma. Ka auna haske. Ka rufe ido, ka rage ƙofar haske, ka ɗana marfi, wato ɗan ƙyauren cikin idon da ke ƙiftawa ya bar haske ya shiga. Ka zura gidan fim, wanda daga nan ba ka ƙara ganin komai, ka zare murfi, ka jira, ka danna. Ka mai da murfin ta baƙin gefensa don ka san wannan falle ya ci. Mataki goma sha wani abu ne, kuma kowanne akwai hanyar da zai kunyata ka.

Kafin in kai rabi yara sun yi mini zobe. Na bar wani ɗan ƙarami ya shiga mayafin. Ya yi tsit, can sai ya fito a guje yana ihu da Fulatanci, sauran suka fashe da dariya. Aka fassara mini: wai mutane suna tafiya da ka, kuma kogi ya hau sama bai zube ba. Daga nan sai layi. Har wani mai wanki, babban mutum da gemunsa, ya goge hannu a wando ya zo ya ce shi ma a ba shi ya gani.

Da na samu suka lafa, na zura gidan fim, na kai hannu zan zare murfi, sai na ji murya daga bencin mai shayi.

"Yaro, rufe idon tukuna."

Na duba. Wallahi a buɗe yake, yadda na bar wa yara. Da na zare, falle na biyu ya bi na shinge. Mai maganar wani tsoho ne siriri, da hula zanna wadda ta sha jiki da tabarau ɗaure da zare. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce tun da na kafa ƙafa uku yake kallona, yana jira ya ga inda zan yi tuntuɓe. "Kilishe nawa ka zo da su?" Na ce, "Baba, ban zo da kilishi ba, amma an ce na garin nan ma yana da daɗi." Mai shayi har da riƙe ciki. Ashe kilishe, daga Faransanci, shi ne abin da muke kira dodon hoto.

Baba tsohon mai hoto ne, irin na akwati. Ya ce tun zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, yake zama a gindin bishiya kusa da kasuwa yana yi wa mutane hoton katin shaida. Akwatinsa kafinta ne ya haɗa masa: ido a gaba, hannun riga a gefe inda zai zura hannunsa, a ciki kuma 'yan tasoshi biyu na magani. Ba fim, takardar hoto ce kawai. Ba marfi, hular idon yake cirewa ya ƙirga a zuci ya mayar. Ya wanke takardar a cikin akwatin, ta fito dodo, baƙi ya zama fari. Ya manna dodon a wani allo gaban idon ya sake ɗaukarsa, sai ga mutum ya dawo kamanninsa. Kafin ka gama shan shayi an miƙo maka hotonka da ɗanshinsa. Sana'ar ta mutu a hankali: hoto mai kala ya ci rabi, hukuma ta koma ɗaukar hoton kati da na'urarta ta ci saura, waya ta zo ta yi jana'iza.

Ya karɓi kyamarata ya shafa zugazugin da bayan yatsa, kamar mai taya akuya. Ya ce, "Wannan tana yoyo." Na ce haba, na duba ta a Kano. Bai yi musu ba. Da dare ya zo gidan Alhaji, muka shiga ɗaki muka kashe fitila, ya cire idon ya zura tocila a ciki. Taurari uku suka fito a kusurwoyin naɗin, ƙanana kamar hudar allura. Sanyin hunturu da bushewarsa sun fasa tsohuwar fatar a hanya, ko kuma dama can suna nan ban iya dubawa ba. Na fi son in yarda da na farko. Washegari ya kai ni wurin wani baduku a kasuwa. Matsalar faci a zugazugi ita ce kauri: in ya yi kauri akwatin ba zai rufu ba. Badukun ya ɗauko guntun baƙar fatar akuya, jimar Marwa, ya ɗora a kan dutse ya yi ta fere bayanta da wuƙa har ta koma kamar ɓawon albasa, ya yanka 'yan mitsi-mitsi ya liƙa da tsinke. Na tambayi kuɗi, ya ce in ba shi abin da ya sauwaƙa, amma da sharaɗi: in ɗauke shi da wuƙarsa a hannu. Falle ɗaya ya tafi nan, kuma yana cikin waɗanda ban yi da-na-sani ba.

Idanu biyu na tafi da su, kuma halinsu ya sha bamban kamar kishiyoyi.

Na farko Kodak Ektar ne mai milimita 127, buɗinsa na ƙarshe f/4.7, ƙarami, yana zaune cikin marfinsa na Supermatic mai ƙiftawa har kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa. Shi ne idon 'yan jarida na asali, kuma da shi akwatin yake rufuwa. Kaifi gare shi a tsakiya, ba ƙarya. Aibinsa ɗaya: da'irar haskensa da ƙyar take rufe fallen, don haka in ka ce za ka ɗaga gaban kyamarar don ka kamo kan hasumiyar masallaci, sai kusurwoyi su yi duhu. Kodak suna da wata dabara ta ɓoye shekarar ƙira a haruffa biyu na farkon lambar ido, da kalmar CAMEROSITY, inda C take 1, A take 2, haka har Y ta zama sifili. Nawa ES ne, wato 47. Shekarar 1947 ke nan. Da na faɗa wa Alhaji, ya yi lissafi da yatsu ya ce to ya girme shi, a riƙa gaishe shi da safe.

Na biyun shi ne ƙaton: Aero Ektar, milimita 178, f/2.5. Ba don hoton mutane aka yi shi ba, don jiragen leƙen asiri na Yaƙin Duniya na Biyu aka yi shi, su ɗauki ƙasa daga sama ko da dare. Nawa EE ne, 1944. Nauyinsa kamar ka ɗauki dutsen guga, sai an tallafe shi. A cikin gilasansa na baya akwai sinadarin toriyam, wanda ke fitar da ɗan tururin nukiliya kaɗan, kuma shi ke sa gilashin ya rine da shekaru ya koma ruwan shayi. Ba abin tsoro ba ne a wurin aiki, amma ba na kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Ba shi da marfi ko kaɗan. Nan ne Speed Graphic ta fi ƙanwarta Crown Graphic, wadda ta fi ta sauƙin ɗauka: ita Speed tana da labule a baya, dab da fim, mai tsagogi, wanda ake ɗanawa da makulli ya zubo da gudu, daga kashi ɗaya cikin 30 har kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Da wannan labulen ko gindin kwalba ka ɗaura a gaba za ka yi hoto.

Sai dai rana irin ta Garwa ba ta shiri da wannan idon. Fim ɗina Fomapan ne mai ƙarfin 100, kuma da tsakar rana, in ka buɗe shi gaba ɗaya, ko gudun labule na ƙarshe ya yi kaɗan, haske zai ƙone hoton. Dole inuwa, ko bayan la'asar. Kuma ba a barin sa yana kallon rana, don tattara ta zai yi ya huda labulen kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi.

Da shi na ɗauki Hajiya, yayar Alhaji, wadda ita ce babbar gidan. Jikokinta sun ce kullum suka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Amma da ta ga an kafa ƙafa uku a tsakar gida, an shimfiɗa darduma, an kawo kujera, sai ta aiko a ce mini in jira. Awa guda cur na jira. Ta fito cikin atamfa mai ruwan goro da shuɗi, da ɗankunne na zinariya, da kwalli, da turaren da ya riga ta isowa. Ta zauna ta miƙe baya, ta ɗora tafukan hannu a gwiwa, yatsu a baje don zobba su fito. Wani jika ya ce, "Hajiya, yi murmushi." Ta ce masa ita ba tallan man goge baki ta zo yi ba.

Wannan zaman ba ni na koya mata shi ba. Zaman hoton da ne, wanda ake yi sau ɗaya a shekaru, a aika wa dangi a wani gari. Abin da na lura da shi a duk kwanakin ke nan: waya tana satar fuska, shi ya sa ake ɓoye mata, wannan akwatin kuwa ba ya iya sata, kowa yana ganin wahalar da kake sha a ƙarƙashin mayafi, gumi yana ɗiga, sai mutum ya ga ai shi ma ya kamata ya kawo nasa. Waɗanda suka ƙi, sun ƙi tun kafin in kafa, muka rabu da mutunci.

Matsalar Aero Ektar a buɗe ita ce, daga taku uku, abin da zai fito da kaifi bai fi kaurin yatsu huɗu ba. In ido ya fito, kunne ya narke. Na saita a kan idon Hajiya, na zura gidan fim, ina zare murfi sai ta ɗan sunkuyo ta gyara zani. Na fasa, na sake saiti. Ta sake motsawa, wannan karon don ta kori kaza. Baba yana gefe yana cin goro. Sai ya tashi ya ciro zare daga aljihu, ya ɗaura a ƙafar kyamarar, ya ja shi har goshinta lokacin da na ce ya yi daidai, ya ƙulla a wurin. "Sa fim ɗinka." Na sa. Ya sake jan zaren, ya ce, "Hajiya, kawo goshi nan." Ta kawo har ya taɓa ƙullin. Ya saki zaren ya faɗi, ya ce, "Bismilla." Labule ya zubo, fat. Shekara nawa ina karance-karance a intanet a kan wannan idon, maganin yana aljihun tsoho.

Ranar Lahadi na hau mashin zuwa kasuwar Pitowa, 'yar tafiya kaɗan a hanyar Marwa, duwatsun Tingilin masu shimfiɗaɗɗen kai suna hagu. Na ƙudura yau zan yi irin ta 'yan jarida: ba ƙafa uku, ba mayafi. Na mayar da ƙaramin ido, na sa f/16, ƙiftawa ɗaya cikin 100, na ja firam ɗin waya na sama wanda ake leƙe ta ciki. A gefen akwatin akwai ma'aunin nisa na Kalart, ka leƙa ka ga abu biyu, ka murza har su haɗe. Da ido ɗaya kawai aka daidaita shi, wannan na 127, shi ya sa ba ya amfani da babban. Abin mamaki, a hannu ba ta da wuya. Nauyin ma taimako ne, ba ta rawa.

Kasuwar ta cika maƙil: albasa tuli-tuli, ƙore, busasshen kifi, matan Fulani da tallan nono. A kara, wurin shanu, wani bijimi ya ƙwace, wani saurayi ya rataye a igiyarsa yana jan ƙasa da dugadugai, ƙura ta tashi, rana ta ratso ta. Ina daidai wurin. Na danna, na juya gida, na sake dannawa, hannuna ko kuskure. Na ce a raina yau na zama Weegee na Pitowa. Falle huɗu na kashe a kasuwar, na dawo ina taku ɗai-ɗai.

Wankin fim a ɗakin ajiyar Alhaji muka yi, bayan isha'i. Muka toshe taga da bargo da buhunan masara, muka zauna minti biyar a duhu don mu ga ko akwai inda haske ke satar shiga. Maganin Rodinal ne, tsohon haɗi na Jamus tun 1891, awo ɗaya a ruwa awo 50. Yana son ruwa mai sanyin digiri 20, na jarka kuwa da na tsoma ma'auni 29 ya nuna. Ruwa mai ɗumi yana sa fim ya yi laushi, ya ƙone da wuri. Aka aiki yaro ya sayo ƙanƙara ta leda wurin mai folere, muka yi ta jefawa muna aunawa. Ruwan ma sai da muka tace da ɗankwali. Fim ba ya son ko jar fitila, don haka komai da lalube: ka nemo 'yan tsagogin da ke kusurwar falle, in suna sama ta dama to fuskar maganin tana kallonka. Faranti uku a jere, minti tara a na farko ana jujjuyawa. Na sa waya a aljihu ta yi mini ƙara, Baba kuwa carbinsa yake ja, kuma tazararmu ba ta kai daƙiƙa goma ba. A tsakiyar aikin aka ɗauke wuta a unguwar. Sai da muka fito muka sani.

Da muka kunna tocila, ga baduku da wuƙarsa, har zanen fatar da ke kan dutse. Ga masu yashi cikin hazo. Ga Hajiya, ƙwayar idonta tar, bayanta ya narke kamar man shanu. Sai falle huɗu na Pitowa: fes, garau, kamar gilashin taga. Ko inuwar bijimi babu.

Baba ya ɗaga ɗaya ya leƙe ni ta cikinsa. "Labulenka na baya, a buɗe ka bar shi ko a rufe?"

Na zauna a kan buhu. Bayan hoton Hajiya na cire babban ido na mayar da ƙarami, ban mayar da labulen kan harafin O ba, inda yake tsayawa a buɗe. Marfin gaba yana ta ƙiftawa a kasuwa, haske yana shiga yana cin karo da baƙin ƙyalle. Da a kan ƙafa uku nake, da na leƙa gilashin baya na ga duhu na gane. Gaggawar 'yan jarida ce ta hana ni leƙawa. Baba ya ce kada in damu, shi ma ya taɓa ɗaukar ango da amarya da akwati ba takarda a ciki, kuma ya karɓi kuɗi. Bai gaya mini yadda suka ƙare ba.

Ƙura kuwa ta yi nata. Duk da ledar da na naɗe gidajen, duk da burushin da nake bi da su kafin loda fim a jakar duhu, hunturu ya sa hannu a kusan kowane falle. Ɗan ƙurar da ya zauna a kan fim lokacin ɗauka yana tare haske, ya bar fari a dodo, ya fito baƙin ɗigo a hoto. Sararin samaniyar bakin kogi ya fito kamar an watsa masa barkono. Wurin shanya muka yayyafa ruwa a ƙasa, muka rufe ƙofa, muka hana kowa shiga har safe. Cikin 24, tara ne zan iya nuna wa mutane ba tare da dogon bayani ba.

Daɗin babban dodon hoto shi ne ba ya bukatar na'urar faɗaɗawa. Ka ɗora shi a kan takardar hoto, ka danne da gilashi, ka kunna ƙwan fitila ka ƙirga, ka wanke a ƙarƙashin jar fitila. Daren da zan tafi muka buga na kowa. Da safe na kai wa Hajiya nata a ɗaki. Ta karɓa da hannu biyu, ta matsa bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Yanzu duk kuɗin atamfar nan, baƙi da fari ka mayar mini da ita?" Na fara kame-kame. Ba ta saurare ni ba, ta buɗe wata kwalla a saman jere ta sa shi a ciki ta rufe. Jikar da ta zo da waya za ta ɗauka ta tura wa dangi a WhatsApp, aka ce mata sai ta wanke hannu.

Baba ya rako ni tasha. A hanya muka biya ta gidansa, ya jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe a tsohon zani. Akwatin ne. Hannun rigar ya zama abincin asu, amma idon yana nan da hularsa. Na bar masa sauran takardun hoto goma sha ɗaya, da maganin wankin takarda, da rabin kwalbar fiksa, maganin da ke hana hoto gogewa. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken ƙofa, ya girgiza, ya tambaye ni ko a ganina ɗan ƙaramin jikan nan na Alhaji zai iya zama shiru na daƙiƙa huɗu.